Jirgin Ƙasa a Ƙarƙashin Gado

Duk wanda ya taɓa zagayawa bayan wakshof ɗin sashensu ya san wurin da nake kira maƙabartar furojet. Nan za ka ga injin ɓare gyaɗa ya yi tsatsa, kusa da shi akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da rabonsa da ganin ƙwai tun ranar difens, ga fitilar ba da hannu an zare mata wayoyi, ga wani injin niƙa da ba wanda ya tuna sunan masu shi. Kowanne a cikinsu kuɗin iyaye ne, da dararen da aka raba ido biyu, da rigimar 'yan rukuni kan wa ya biya wa bai biya ba. An ba da maki, an ɗauki hoto, an watse. Shekara mai zuwa wasu za su zo su sake ƙera injin ɓare gyaɗar tun daga tushe, kamar ba a taɓa yi ba.

Mutane kan ce rashin kuɗi ne, ko rashin kayan aiki, ko ba mai kula da ɗan Poli. Duk akwai ƙanshin gaskiya. Amma ni abin da ya fi tsone mini ido shi ne kayan nan ba su da mahaɗa. Ba a ƙera ko ɗaya da tunanin wani zai zo ya ɗora nasa a kai ba. Hudar notin wannan ba ta dace da ta wancan ba, ba takardar awo da za ka bi, wayoyin duk launi ɗaya ne, mai shi kaɗai ya san wacce ce wacce, shi kuma ya tafi da saninsa. Makaranta mafi sauƙi da na sani inda ake koyon wannan darasi na mahaɗa, ku yi dariya in kun ga dama, ita ce ƙaramin layin dogo na bulon roba, irin wanda ake ginawa yanki-yanki a gida. Ina da shi. Shekaruna ashirin da biyu, ina ajin ƙarshe na difuloma, kuma ba na jin kunyar faɗa. Hasali ma so nake ƙungiyar ɗalibai ta sa hannu a cikin abin.

Bari in fara da bulon kansa, tunda da yawanmu sun san shi ne kawai a matsayin tarkacen da ake takawa a falon masu hali. Kamfanin LEGO wani kafinta ne ya kafa shi, Ole Kirk Christiansen, a garin Billund na ƙasar Denmak, kuma da kayan wasa na katako ya fara a 1932. Bulon da muka sani yau, mai 'yan maɓallai a sama da 'yan bututu a ƙasa, a 1958 aka yi masa rajistar mallakar fasaha. Tun daga lokacin awonsa bai motsa ba. Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin bulo milimita 9.6. Akwai siririnsa, wanda zan riƙa kira falle, milimita 3.2, wato falle uku su ne bulo ɗaya cif. Wanda ya ari baniya a wakshof ya auna bulo mai maɓalli ɗaya zai ga faɗinsa bai cika 8 ba, 7.8 ne. Da gangan aka rage masa 0.1 ta kowane gefe, don kada bulo biyu da suka zauna gefe da gefe su matse juna. Wannan fa shi ne abin da ake ta nanata mana a ajin zanen injiniya game da sararin da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe, mu kuma mu haddace don jarrabawa. A nan kana riƙe da shi a tafin hannu. Sakamakon wannan taurin kai a kan awo shi ne bulon da aka yi kafin a haifi iyayenmu yana kama wanda aka fitar bana.

Ku kwatanta da motar kara da muka yi muna yara. Ba na raina ta, don wanda ya iya feƙe kara ya fitar da tirela mai taya goma sha takwas da ƙofa mai buɗewa, injiniya ne tun ba a ba shi takarda ba. Haka masu yin ta langa-langa da gwangwanin madara. Sai dai kowace mota ita kaɗai ce irinta a duniya. Tayar taka ba za ta shiga tawa ba, bodin tawa ba zai hau taka ba. In ta karye, sai dai a sake wata. Mun girma, mun shigo Poli, mun canza kara da ƙarfe, amma tunanin bai canza ba.

Yanzu dogon. Jirgin LEGO mai batir ya fito a 1966. An sha canza yadda ake ba shi wuta: a 1991 an koma dogo mai ƙarfe a sama wanda wutar bolt 9 ke bi ta cikinsa, daga baya aka dawo dogon roba zalla da batir a cikin jirgin, na yanzu kuma tun 2018 da Bluetooth ake sarrafa shi. Duk wannan sauye-sauye, tazarar da ke tsakanin layukan biyu ba a taɓa ta ba, shi ya sa tsohon tarago yake gudu a sabon dogo. Miƙaƙƙen dogo guda ɗaya tsawonsa maɓalli 16 ne, faɗinsa 8. Mai kwana kuwa yana juya digiri 22.5, don haka guda 16 ne ke rufe da'ira, kuma daga tsakiyar da'irar zuwa tsakiyar dogon maɓalli 40 ne, santimita 32 ke nan. Sannan ga farantin ƙasa da ake dasa komai a kai, wanda aka fi amfani da shi maɓalli 32 ta kowane gefe, kimanin santimita 25.6. Ka lura: miƙaƙƙen dogo biyu, faranti ɗaya daidai. Mararrabar da ake sauya wa jirgi layi ita ma tsawonta 32, faranti ɗaya daidai. Ba dace ba ne, lissafi ne wani ya zauna ya yi.

Abin da ake nufi da gini yanki-yanki shi ne, maimakon ka shimfiɗa katon teburi ka manne duk garinka a kai, sai ka ɗauki kowane faranti a matsayin yanki mai zaman kansa. Wannan yankin tasha ce, wancan gada, wancan fili ne kawai da dogo ya ratsa. Cikin yankin naka ne, yi abin da ka ga dama. Bakinsa kuwa ba naka ba ne, na jama'a ne. Dole tsayinsa ya zama ɗaya da na kowa, dole dogon ya fita a daidai inda aka yi yarjejeniya. Masu ƙananan jiragen ƙasa na ƙarfe a Amurka sun fara irin wannan tun 1973 da tsarin da suka kira NTRAK, kowa ya gina nasa a gida, a haɗu a baje koli a jona. A ɓangaren bulon roba, tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne MILS, wanda ya fito daga masu wannan sha'awa a Sifen ta mujallarsu HispaBrick. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: farantin ƙasa, a jera bulo a kansa a matsayin ginshiƙai, a rufe da falle, sai yankin ya yi tauri har ka ɗauke shi da hannu ɗaya bai lanƙwashe ba. A gefuna ana sa bulo masu huda, ta nan ake zura fegi a ƙulla yanki da yanki. Sararin da ya rage a tsakiya kuma hanyar waya ce. Mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ɗaya a Madrid ɗaya a wani gari can daban, sai su kawo yankunansu su haɗu kamar a ɗaki ɗaya aka gina su.

Nawa yanki biyar ne, a jere sun kai santimita 128. Layi biyu ne da mararraba ɗaya, da kan jirgi, da taragai huɗu gajeru. Ba ya zagaye, gaba da baya yake yi. Da na gama sai in zare fegi, in jera yankunan a kwali biyu, in tura ƙarƙashin gado. Ɗakinmu na gida mu uku ne a ciki, don haka duk wanda zai ce mini ba shi da wuri, sai dai ya nemi wani uzurin. Mai son jirginsa ya riƙa zagaye kuwa, da'irar tana cin maɓalli 88 daga gefe zuwa gefe, wato sai ya sami faranti uku ta nan uku ta can, fili mai kusan santimita 77 kowane gefe. Tabarmar salla ta fi shi tsawo.

Inda abin ya fi daɗi shi ne lokacin da buri ya ci karo da lissafi. Kowa ya fara, abin da yake so shi ne gadar sama, jirgi ya hau ya ƙetare wani jirgin. To zauna da biro. Hawan da jirgin yake ɗauka cikin kwanciyar hankali shi ne ka ɗaga falle ɗaya a kowane dogo ɗaya: milimita 3.2 a cikin 128, wato ɗaya cikin arba'in, kashi 2.5 cikin ɗari. In ka ce gadar tana buƙatar tsayin bulo goma sha biyu kafin jirgin ƙasan ya wuce, falle 36 ke nan, dogo 36, fiye da mita huɗu da rabi na hawa kawai, ba a yi maganar sauka ba. Nan take za ka gane dalilin da ya sa jirgin ƙasa na gaske yake kewaya tudu maimakon ya hau shi kamar mota, da dalilin da ya sa ake kashe maƙudan kuɗi wajen yanke dutse da cike kwari. Tayar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da riƙo, tayar roba a kan dogon roba ma da kaɗan ta fi ta.

Haka mararraba. In ka fitar da layi na biyu ka miƙar da shi, zai tafi gefe da gefe da na farko da tazarar maɓalli 8 a tsakani. Huɗu a baki, takwas na dogo, takwas na tsakani, takwas na dogo, huɗu a ɗaya bakin: 32, faranti ya cika. Layi na uku ba shi da wurin zama, sai da jeri na biyu na faranti. Wannan ya dame ni, saboda akwai wani wasan jera taragai da wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya ƙirƙiro, ana ce masa Inglenook, kuma layi uku yake buƙata. Taragai takwas ne a warwatse a layukan, ɗaya na ɗaukar biyar, biyu na ɗaukar uku-uku. Sai a yi ƙuri'a a zaɓi biyar a cikin wani tsari, a ce ka jera su haka, alhali layin da kan jirgin yake ja da baya ba ya ɗaukar fiye da tarago uku. Hanyoyin da ƙuri'ar za ta iya faɗawa 6,720 ne, takwas sau bakwai sau shida sau biyar sau huɗu, wanda ya tuna darasin lissafi na shekarar farko ya gwada. Aikin da ake yi ke nan a filin jera taragai na gaske. Ni kaɗai ba zan iya gina shi ba, aljihuna da ƙarƙashin gadona ba za su ɗauka ba. Amma in mutum uku suka bi awo ɗaya, rana ɗaya ta ishe mu. Ka ga amfanin mahaɗa ke nan.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar 'yan wasa ce kawai. Manyan injiniyoyin duniya sun faɗa ramin nan da kuɗin al'umma. A Ingila, George Stephenson ya shimfiɗa dogonsa da faɗin milimita 1,435, shi kuwa Isambard Kingdom Brunel ya zaɓi 2,140 a layinsa na yamma. Na Brunel ya fi gudu, ya fi zama daram, gwajin da aka yi ya nuna haka. Amma inda layukan biyu suka haɗu, kamar a garin Gulosta, sai an sauke kowane fasinja da kowane buhu daga wannan jirgi a loda a wancan, kaya na ɓata, na fashewa. A 1846 majalisa ta yi doka ta tsayar da na Stephenson, don shi ya fi yawa a ƙasa, kuma sai a 1892 aka gama tsuke na Brunel. Abin lura a nan, wanda ya fi kyau ne ya faɗi. Awon da za a bi ba lallai ya zama mafi inganci ba, abin da ake buƙata kowa ya yarda da shi. A Ostareliya ma, matafiyi tsakanin Sidni da Melbon sai ya sauka a tashar Albury ya canza jirgi, har zuwa 1962, don jihohin biyu kowacce ta yi gaban kanta.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Dogon da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne. A daidai wannan zamani aka shimfiɗa wani siriri mai milimita 762 daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don ɗauko kuza, wanda taragonsa ba ya iya hawa babban layi, sai a juye kaya a Zariya. An rufe shi a 1957. Yau kuma layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, daga Idu zuwa Rigasa, na 1,435 ne, haka na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Wato ƙasa ɗaya, dogo iri biyu, taragon tsohon ba ya taka sabon. Ba ina cewa kuskure ne a koma babban awo ba, don shi mafi yawan duniya ke bi. Cewa nake yi duk ranar da za a yi aikin haɗa waɗannan layuka, da kula da su, da sa musu sigina, 'yan difuloma ne za su riƙe tef da sifana, kuma gara su zo da tunanin mahaɗa a kansu tun daga makaranta.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Gaskiya ne, sabon akwatin jirgin LEGO mai inji ya haura dala ɗari, kuma kowa ya san yadda dala take da naira. Ba zan ce wa ɗalibin da ke lissafin garin kwaki ya saya ba, ni ma ban saya ba. Amma rajistar 1958 ta daɗe da ƙarewa, kuma a 2010 kotun Tarayyar Turai ta ƙi yarda kamfanin ya mayar da siffar bulon tambarinsa shi kaɗai. Shi ya sa wasu kamfanoni, irin su Sluban na Sin da Cobi na Folan, suke yin bulo mai awo ɗaya da shi a kan kuɗi ƙasa da nasa. Ga kuma 'yan gwanjo, waɗanda ake zube musu kayan wasan yara a buhu. Mafi yawan bulona daga nan suka fito, kaɗan-kaɗan, cikin shekara biyu. Ka tafi da bulo ɗaya na kirki a aljihu, duk wanda za ka saya ka gwada shi a kai. In ya kama da ɗan ƙarfi ya kuma saki ba da kokawa ba, ɗauka. In ya yi sako-sako ko ya ƙi fita, bar musu kayansu. A gida a wanke da ruwan sabulu mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a shanya a inuwa, don rana tana sa farin ya koma ruwan ƙwai. Ginshiƙan da ke ɓoye a ƙarƙashin yanki kuwa kowane launi ya samu, ba mai gani.

Kuma wa ya ce sai da inji? Jirgin da ake turawa da yatsa yana koyar da duk lissafin da na ambata. Wa ya ce ma sai da bulo? Kafinta zai yanka maka allon katako santimita 25.6 ta kowane gefe, ka ɗaure dogo biyu a kai a inda ƙa'ida ta ce, tashar kuma ka gina ta da kara da kwali yadda ka saba tun kana yaro. Muddin bakin ya dace, yankinka yanki ne. Wanda ko wannan ya gagare shi, akwai manhajojin kyauta: Studio na BrickLink don zana gini bulo bayan bulo, da BlueBrick don tsara layin dogo. Za ka gama zanenka, ka san adadin kowane abu da kake buƙata, kafin ka fitar da ko sisi. 'Yan sashen ƙididdigar gini, wannan ai aikinku ne.

Akwai suka ta biyu wadda ta fi ta kuɗi nauyi, kuma na yarda da rabinta. Bulon roba ba zai koya maka walda ba. Ba zai koya maka riƙe zarto ko magagari ba, ba zai sa hannunka ya yi kanta ba. An riga an yi maka wahalar awo a masana'anta, kai haɗawa kawai kake yi. Haka ne. Wanda ya ɗauka wannan zai maye gurbin wakshof ko watannin sanin makamar aiki, ya yaudari kansa. Sai dai abin da yake koyarwa shi ne daidai wanda wakshof ɗin ba ya koya mana: yadda za ka rubuta ƙa'ida a takarda har wani ya bi ba tare da ya kira ka a waya ba, yadda za ka haƙura da wata dabara mai kyau saboda za ta ɓata wa maƙwabcinka baki, yadda za ka gano a wace mahaɗa jirgi yake faɗuwa maimakon ka tsaya kana zagin jirgin. Falle ɗaya ka ƙara a bakin yankinka, milimita uku da ɗigo biyu, tarago zai yi tuntuɓe a nan duk wucewa, a gaban kowa, kuma ba wanda za ka ɗora wa laifi.

Masu cewa wasan yara ne kuwa, ba ni da dogon zance da su. Mu da muke raba dare a gidan kallon ƙwallo muna jayayya kan 'yan wasan da ba su san da zamanmu ba, mu da ludo da karta ke cinye mana yammaci, ba mu ne za mu yi wa wani gorin wasa ba. Masu zanen gine-gine suna yin ƙaramin samfuri kafin a haƙa tushe, ba wanda ya ce musu yara.

Abin da ya kamata a faɗa wa mai farawa shi ne wahalhalun da littafin kamfani ba ya ambata, don ba a ƙasarmu aka rubuta shi ba. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin maɓallai ta zauna, tana kuma taruwa a gatarin taya har jirgi ya riƙa nishi. Burushin fenti mai laushi da kwali mai murfi su ne magani. Sai ƙanne. Ƙananan bulo suna shiga baki da hanci, don haka gidan da ke da mai rarrafe, a yi ginin a kan teburi, a ƙirga kaya kafin a tashi. Ƙanwata mai shekara tara kuwa na ba ta yanki guda, ita ce mai gona da rijiya a gefen dogo, kuma ta fi wasu 'yan ajinmu kiyaye awo. Ta fannin wuta, jirgi mai batir ya fi dacewa da mu, tunda ba ruwansa da an kawo ko an ɗauke. Akwatin batir na yanzu ƙananan batir shida yake ci, don haka masu caji sun fi sauƙi a tafiya mai nisa.

'Yan lantarki da 'yan kwamfuta su ne ma za su fi morewa. Akwai Pybricks, manhajar da ke ba ka damar rubuta wa akwatin jirgin umarni da harshen Python: ya rage gudu in ya ga falle ja a tsakiyar dogo, ya tsaya daƙiƙa goma a tasha, ya juya. Wanda ba shi da wannan akwati, allon Arduino da 'yan fitilu da na'urar gane wucewar abu sun isa ya gina sigina mai hana jirgi biyu shiga yanki ɗaya a lokaci guda, wanda shi ne tushen tsaron kowane layin dogo. Wannan furojet ne cikakke, kuma irin wanda na bayanka zai iya ɗorawa a kai, tunda dogon da aka gwada shi yana nan, awonsa a rubuce.

Don haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, kuma ba kuɗi nake nema ba, kafin ma'aji ya fara gyara zama. Takarda ɗaya nake so a fitar, shafi ɗaya tak. A kira mutum ɗaya daga kowane sashe da ke da sha'awa, maza da mata, a zauna a tsayar da abu huɗu ko biyar: girman yanki, tsayinsa daga teburi, nisan dogo daga baki, inda hudar fegi za ta kasance, da irin fulogin da waya za ta bi daga yanki zuwa yanki. Shawarata a ɗauki MILS yadda yake, a ƙara masa layi biyu masu maɓalli huɗu daga kowane baki, kada a tsaya ƙirƙiro sabo don a ce namu ne. Za a yi gardama, na sani, wani zai ce nasa tsarin ya fi, wataƙila ma ya fi ɗin. A tuna masa da Brunel. Bayan nan kowa ya koma gida ya gina nasa: 'yan gine-gine su kawo gada, masu zane su kawo tasha, 'yan noma su kawo gonar da dogo ya ratsa, 'yan kasuwanci su tsara jadawalin kaya da kuɗin dako. A makon ɗalibai a jera tebura a babban zaure a jona, a ga ko jirgi zai tashi daga wannan bango ya kai wancan bai faɗi ba. Wanda ya gama makaranta ya ɗauki yankinsa ya tafi, ko ya bar wa na baya, layin ba zai mutu don mutum ɗaya ya fita ba.

Malamanmu masu duba furojet kuma, da za su yarda a ware wasu maki don takardar mahaɗa, wato shafin da ke bayyana awon kowace huda da aikin kowace waya da inda na gaba zai ɗora, da an rage yawan baƙin da maƙabartar bayan wakshof ke karɓa duk shekara. Da za su yarda rukuni ya ɗauki injin bara ya inganta shi ba tare da an ce ya yi satar aiki ba, da ya fi. Wannan kam ba a hannun ƙungiya yake ba, sai dai ta kai kuka.

Wanda yake hannunta shi ne takardar nan. A haɗa ta da yankin gwaji guda ɗaya, wanda za a ajiye a ofishin ƙungiya, duk wanda ya gama nasa ya zo ya jona ya gani kafin ranar taro. Zan ba da ɗaya daga cikin nawa biyar don wannan. A manna takardar a allon sanarwa kafin hutun zangon nan, domin masu tafiya gida su san awon da za su gaya wa kafinta.